Douglas Trumbull: gwanin ifet ɗin da fim biyu kawai ya ba da umarni

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, shekara biyu ke nan ina koyon editin da aikin ifet a kwamfutata, burina kuma in zama darakta wata rana. Yayana ya ce in cire rai, wai mai ifet ba ya zama darakta. Ya ba ni misali da wani Ba'amurke mai suna Douglas Trumbull, ya ce duk gwanintarsa fim biyu kawai ya yi aka kore shi daga harkar. Don Allah gaskiya ne? Wane ne shi, me ya same shi? Kuma akwai abin da zan koya daga mutumin da ya yi aikinsa tun kwamfuta ba ta shigo ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Na ji daɗin wannan tambaya, domin Trumbull yana cikin mutanen da na fi daɗewa ina bibiyar aikinsu tun da na shiga wannan sana'a ta ifet, wato dabarun nuna wa mai kallo abin da bai faru da gaske a gaban kyamara ba. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: wane ne mutumin, me ya hana shi yin fina-finai da yawa da sunansa, da kuma ko hanyarsa tana da amfani ga wanda kwamfuta ce gonarsa. A lissafi yayanka bai yi kuskure ba. Dogayen fina-finan da Trumbull ya ba da umarni biyu ne, Silent Running a 1972 da Brainstorm a 1983. Inda zan saɓa da shi shi ne hukuncin da ya ɗora a kan lissafin. Babu wanda ya kori Trumbull, da ƙafarsa ya bar Hollywood. Bari ka ji yadda abin ya kasance kafin ka yanke shawara a kan rayuwarka.

Daga teburin zane zuwa Ingila

An haife shi a Los Angeles ranar 8 ga Afrilu, 1942. Mahaifinsa Donald Trumbull injiniya ne wanda ya taɓa aikin ifet a fim ɗin The Wizard of Oz na 1939, mahaifiyarsa kuma mai zane ce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya tashi da hannun makaniki da idon mai zane, kuma duk abin da ya yi daga baya wannan haɗin ne ya haife shi. Aikinsa na farko a wani ƙaramin kamfani ne mai suna Graphic Films, wanda ke yi wa hukumar NASA da rundunar sojin saman Amurka gajerun fina-finai. Shi ke zana taurari da duniyoyi. Ɗaya daga cikin ayyukan kamfanin, To the Moon and Beyond, an nuna shi a baje-kolin duniya na New York a 1964, a can kuma darakta Stanley Kubrick ya gan shi, a daidai lokacin da yake shirin fim ɗinsa 2001: A Space Odyssey.

Kubrick ya fara aiki da kamfanin, amma da ya mayar da aikin Ingila sai hulɗarsu ta yanke. Trumbull bai zauna jiran a tuna da shi ba. Ya nemo lambar wayar Kubrick, ya kira shi da kansa, ya ce yana son aiki. Yana ɗan shekara 23 ya sauka a Ingila. Aikin da aka fara ba shi ƙarami ne a ido: allunan da ake gani cikin kumbo suna nuna lambobi da zane kamar na kwamfuta. Babu kwamfuta ko ɗaya a bayansu. Zane ne na hannu, aka ɗauke shi a fim firem bayan firem, wato hoto ɗaya bayan ɗaya, aka haska shi daga bayan kowane allo da ƙaramin majigi. Daga wannan ƙaramin aiki ya hau har ya zama ɗaya daga cikin shugabannin ifet huɗu na fim ɗin, tare da Wally Veevers da Con Pederson da Tom Howard.

Abin da ya fitar da sunansa shi ne wurin da ɗan sama-jannati ke ratsawa ta wani lungu na haske mai launuka, kamar bango biyu na wuta suna zuwa a guje. Zan tsaya in yi maka bayanin yadda aka yi shi, domin idan ka gane wannan ka gane mutumin. Ka tuna lokacin da yaro ke ɗaukar bakin wuta da dare yana juya shi da sauri, ido ya riƙa ganin zobe cikakke alhali garwashi ɗaya ne ke yawo. Idan aka bar idon kyamara a buɗe a cikin duhu, haka fim yake rubuta duk hanyar da haske ya bi. Trumbull ya kafa baƙin allo mai siririyar tsaga, a bayansa gilashi ɗauke da zane mai launi da fitila tana haska shi, gilashin yana zamewa gefe a hankali. Kyamara tana kan dogo, idonta a buɗe, tana tafiya zuwa ga tsagar. Kafin ta kai ƙarshen dogon, siririn hasken nan ya shimfiɗu a kan firem ɗaya ya zama bango mai nisa. Firem ɗaya yakan ci kusan minti guda, sannan a koma baya, a matsar da zanen kaɗan, a sake. Daƙiƙa ɗaya ta fim kuwa firem 24 ce. Asalin dabarar ya samo ta ne daga gwaje-gwajen John Whitney, amma shi ya ƙera injin da ya mayar da ita abin da za a iya maimaitawa dare da rana ba kuskure.

Fim ɗin ya fito a 1968, ya ci kyautar Oscar ta ifet. Sunan Kubrick kaɗai aka rubuta, ita ce ma Oscar ɗaya tilo da Kubrick ya samu a rayuwarsa. Wannan abu yana yi mini ciwo har yau, domin kura ce da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, kuma haka sana'armu take a ko'ina. Idan ifet ya yi kyau a yabi darakta, idan ya ɓaci a nemi mai kwamfuta. Gara ka san wannan tun yanzu.

Fim ɗinsa na farko

Bayan fim ɗin Easy Rider ya kawo kuɗi mai yawa a 1969 da ɗan ƙaramin jari, kamfanin Universal ya yanke shawarar bai wa wasu sababbin daraktoci kimanin dala miliyan 1 kowanne su yi abin da suke so. Trumbull ya shiga cikinsu. Silent Running labarin wani mutum ne, wanda Bruce Dern ya fito a matsayinsa, da ke kula da ragowar dazuzzukan duniya a cikin kumbo, aka ba shi umarnin ya tarwatsa su, ya ƙi. Dubi yadda mai ifet ke tunani idan kuɗi ya yi kaɗan. Maimakon gina cikin kumbo a situdiyo, sai ya samu wani tsohon jirgin ruwan yaƙi mai ɗaukar jiragen sama, Valley Forge, wanda aka ajiye ana shirin yanka shi, ya gyara cikinsa ya yi shutin a ciki. Ƙananan butum-butumi uku da ke taya jarumin aiki kuwa, mutane ne da suka rasa ƙafafunsu biyu suka shiga cikin rigunan, suna tafiya da hannuwansu. Wannan tafiya mai rangaji ita ta sa masu kallo suka ji tausayin ƙarfe kamar mai rai. Ya kuma biya wani bashi da ke ransa: a fim ɗin 2001 na Kubrick an so a nuna duniyar Saturn, zobenta ya gagara, aka koma Jupiter. A nasa fim ɗin ya yi Saturn da zobenta.

Fim ɗin bai samu talla mai kyau ba, bai kuma yi kasuwa ba a lokacin, sai daga baya mutane suka gano shi. Wasu fina-finan da ya shirya a shekarun da suka biyo baya duk sun mutu a ofisoshin kamfanoni kafin a kunna kyamara. Dole ta sa ya koma yi wa wasu ifet. Da George Lucas ya neme shi don Star Wars bai karɓa ba, aikin ya faɗa hannun John Dykstra, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa a Silent Running.

Hayaƙi da ruwan gishiri

Nan ne amsar tambayarka ta uku take, don haka zan daɗe a kai. A Close Encounters of the Third Kind na Steven Spielberg, 1977, ana buƙatar jiragen baƙin halittu waɗanda kusan haske ne zalla, da gizagizai masu tuƙuƙi suna taruwa kamar hadarin Agusta. Ƙananan samfuran jiragen an ɗauke su ne a ɗaki cike da hayaƙi, domin fitila ba ta da jiki sai ta samu abin da za ta kama a cikin iska. Gizagizan kuma a cikin tankin gilashi aka yi su. A zuba ruwan gishiri a ƙasa, a kawo ruwan daɗi a ɗora a kansa a hankali yadda ba za su gauraya ba, tunda na gishiri ya fi nauyi. Sai a tura farin fenti cikin ruwan na sama. Fentin yana sauka, ya iske iyakar ruwan gishiri, ya kasa nutsewa, sai ya bazu yana murɗawa, gindinsa a shimfiɗe samansa yana tashi. Ka ɗaga kai ka dubi hadari, haka yake. Wani matashi a cikin ma'aikatansa, Scott Squires, shi ya yi ta gwaji har dabarar ta zauna. Akwai kuma wata ƙa'ida da Trumbull ya riƙe: yana ɗaukar ifet a faffaɗan fim mai milimita 65, domin duk lokacin da aka kwafi fim ingancinsa yana raguwa, kuma ifet sai an kwafa sau da yawa. Idan aka fara da babba, bayan an gama haɗawa sai ya yi daidai da sauran fim ɗin da aka ɗauka a milimita 35, ido ba zai ga ɗinki ba.

A Blade Runner na Ridley Scott, 1982, birnin da fim ya buɗe da shi, mai hasumiyoyi suna aman wuta, a kan tebur yake. Siraran farantan tagulla ne da aka sassaƙa siffar gine-gine, aka jera su layi-layi, na gaba manya na baya ƙanana, aka cusa dubban zaren haske ta ƙasa, aka cika ɗakin da hayaƙi. Hayaƙin shi ne sirrin. Ka tsaya a Kano da hunturu ka dubi Dutsen Dala daga nesa. Gidan da ke kusa da kai baƙinsa baƙi ne, launinsa a cike. Na bayansa ya ɗan kwanta. Dutsen kansa ya koma fari-fari, kusan launin sama. Da wannan ido yake auna nisa, ko mutum bai taɓa lura ba. Trumbull da abokan aikinsa Richard Yuricich da David Dryer sun ƙirƙiro hazo ne a cikin ɗaki, sai tebur ya zama birni.

Kuskuren da na fi gani a aikin matasan da ke turo mini shi ne wannan. Za a ɗora gini ko jirgi ko dodo a can baya, amma baƙinsa ya fi na mutumin da ke gaban kyamara ƙarfi, gefunansa kuma kaifi kamar reza. Ido yana gani ya san an liƙa ne. Babu manhajar da za ta gyara maka wannan idan kai ba ka san haka iska take yi wa abu mai nisa ba. Da ka sani kuwa, aikin minti biyar ne.

Na taɓa karɓar wani aiki da ya koya mini darasin ta hanya mai wuya. An yi shutin na gobara da dare ba tare da an kira ni lokeshan ba. 'Yan wasa suna ihu suna nuna wani ɗaki, farar fitila guda tana haska su daga gaba, aka kawo mini aka ce in sa wuta. Na sa wutar, kuma wutar ta yi kyau, amma duk wanda ya kalla sai ya ce akwai abin da bai zauna ba. Dalili shi ne babu ja ko rawaya a fuskokinsu, babu inuwa mai rawa a bango. Kwana tara na yi ina bin fuska ɗaya-ɗaya ina shafa mata hasken da ba a ɗauka ba, sakamakon kuma bai kai rabin abin da za a samu ba da an sa mutum ɗaya a gefe da fitila mai launin ruwan lemo yana kaɗa kwali a gabanta. Tun daga ranar ba na karɓar aikin ifet sai an yarda zan je lokeshan, ko aƙalla a zauna da ni kafin a ɗauka.

Na kuma gwada tankin gizagizan da kaina, da akwatin gilashi irin na kiwon kifin ado, da gishirin girki, da sirinji, da madarar ruwa. Sau huɗu ruwan yana gaurayewa kafin na gane sai an shimfiɗa leda a kan ruwan gishirin, a zuba na daɗin a kanta, sannan a zare ledar sannu a hankali. Abin da na ɗauka a ranar har yanzu ina amfani da shi a ayyuka, kuma ba a taɓa tambayata wace manhaja ce ta yi shi ba sai an yi mamakin amsar. Ruwa yana yin abin da ba ka tsara ba, kuma wannan rashin tsarin shi ido yake karɓa a matsayin gaskiya.

Abin da ya karya masa gwiwa

Tun tsakiyar shekarun 1970 hankalin Trumbull ya tafi ga wata tambaya: me ya sa sai firem 24 a daƙiƙa? Wannan adadi an tsayar da shi ne tun farkon fim mai magana, domin shi ne mafi arha da sauti zai fita da kyau. Ya yi gwaji, yana nuna wa mutane hoto a gudu daban-daban yana auna bugun zuciyarsu da yadda jikinsu ke amsawa, ya tsaya a kan firem 60 a faffaɗan fim mai milimita 70. Ya sa wa tsarin suna Showscan. Kamfanin Paramount ne ya ɗauki nauyin binciken, don haka yana ɗaure da kwantiraginsu.

A 1979 Paramount ta shiga tsaka mai wuya. An sa ranar fitar Star Trek: The Motion Picture, 7 ga Disamba, an yi alkawari da gidajen sinima, kamfanin da aka fara bai wa ifet kuma bai kawo abin da za a yi amfani da shi ba. Aka dawo wurin Trumbull. Ya karɓa da sharaɗin a sake shi daga kwantiragi. Shi da mutanensa, da Dykstra da nasa mutanen, suka yi ɗaruruwan shot, wato gajerun guntayen hoton da ake harhaɗawa su zama fim, a cikin 'yan watanni, ana aiki ba dare ba rana. Fim ya fita a ranarsa, shi kuma ya kwanta asibiti.

Da 'yancin da ya saya da lafiyarsa ya fara Brainstorm a kamfanin MGM, labarin masana da suka ƙera na'urar da ke naɗar abin da mutum yake ji da gani, wani ya saka ya ji kamar shi ne. Niyyarsa ita ce duk lokacin da aka saka na'urar, hoton ya koma Showscan, mai kallo ya ji bambancin a jikinsa. Ba a yarda ba, domin sai gidajen sinima sun sayi sababbin injuna. Ya haƙura, ya yi amfani da faɗin hoto kawai: rayuwar yau da kullum a ƙunci, abin da na'ura ta naɗa a faffaɗa. Ana dab da gama shutin, ranar 29 ga Nuwamba, 1981, jarumar fim ɗin Natalie Wood ta nutse a ruwa kusa da tsibirin Catalina. MGM, wadda take cikin matsin kuɗi, ta rufe aikin tana neman kuɗin inshora da hujjar fim ba zai ƙarasu ba. Trumbull ya tsaya kai da fata cewa zai ƙarasu, domin kusan duk manyan wuraren marigayiyar an riga an ɗauka. Masu inshorar, Lloyd's na Landan, suka gaskata shi, suka zuba kuɗin ƙarasawa. Sai a 1983 fim ɗin ya fito, bai kuma mayar da kuɗinsa ba. Kusan shekara biyu yana faɗa da kamfanin da ya kamata ya tsaya masa, a kan gawar abokiyar aikinsa. Bayan wannan ya tattara ya koma yankin Berkshires a yammacin jihar Massachusetts.

Bai daina aiki ba. Shi ya ba da umarnin fim ɗin Back to the Future: The Ride, wanda ake kallo a cikin mota mai motsi, da aka buɗe a wurin shaƙatawar Universal na Florida a 1991. Ya yi wa otal ɗin Luxor na Las Vegas irin wannan a 1993, ya kuma riƙe muƙamin mataimakin shugaba a kamfanin IMAX mai sinimomi masu manyan alluna. Bayan kusan shekara talatin rabonsa da ifet na babban fim, Terrence Malick ya jawo shi The Tree of Life na 2011, inda suka koma ga fenti da madara da rini da hayaƙi a gaban kyamara mai gudu don nuna farkon halitta. Sau uku aka sa sunansa a takarar Oscar bai ci ba, sai a 2012 aka ba shi kyautar girmamawa ta Gordon E. Sawyer. Ƙarshen rayuwarsa ya tafi ne a kan wani tsari mai suna Magi, mai firem 120 a daƙiƙa, wanda ya gina a gonarsa. Ya rasu ranar 7 ga Fabrairu, 2022, yana da shekara 79.

Idan ka tambaye ni wane dalili ne ya fi nauyi a ƙarancin fina-finansa, ba zan ce rasuwar Natalie Wood ba, duk da ita ce ta zama sanadin tafiyarsa. Wasu daraktocin sun gamu da masifa irin wannan sun dawo. A ganina babban dalili shi ne abin da yake so ya fi ƙarfin darakta ɗaya. Yana son a canza kyamara da majigi da allo da kujerar mai kallo gaba ɗaya, wannan kuwa kuɗin dubban masu sinima ne, waɗanda ba za su saya ba sai sun ga fina-finai, kamfanoni kuma ba za su yi fina-finan ba sai sun ga sinimomi. Ko da Peter Jackson ya gwada firem 48 a The Hobbit a 2012, Ang Lee kuma ya gwada 120 a 2016, masu kallo da yawa sun ce abin ya yi musu kama da talabijin. Dalili na biyu, wanda ya fi shafar ka, shi ne gwaninta tana iya zama turke. Kamfani ya fi son mutumin da zai ceto masa fim ɗin wani a wata tara a kan ya ba shi nasa.

To kai fa?

Waɗanda suka tsallaka daga ifet zuwa kujerar darakta suna da yawa. James Cameron da ƙera ƙananan samfura ya fara a wurin furodusa Roger Corman. David Fincher ya yi aiki a kamfanin ifet na Lucas kafin ya fara ba da umarni. Gareth Edwards ya yi Monsters a 2010 da ƙaramin jari, ya haɗa ifet ɗinsa da kansa a kwamfutar gida, daga nan aka ba shi Godzilla na 2014. Takashi Yamazaki na Japan ya rubuta Godzilla Minus One, ya ba da umarni, ya jagoranci ifet da ma'aikata 35, suka ci Oscar ta ifet a 2024, kuma shi ne darakta na farko da ya ci wannan kyauta tun bayan Kubrick. Ka kai wa yayanka waɗannan sunaye cikin ladabi.

Amma akwai wata gaskiya a ƙarƙashin maganarsa da bai kamata ka yar ba. Mu masu ifet da shot muke tunani, daƙiƙa huɗu ko biyar da za mu yi mako muna gogewa. Darakta da labari yake tunani, da mutum, da abin da zai faɗa wa 'yar wasan da ta kasa kuka a ɗauka ta shida rana tana faɗuwa. Wannan ilimi daban ne, kuma zaman gaban kwamfuta ba ya koyar da shi. Abin da ya sa Silent Running ya rayu shekara hamsin shi ne kaɗaicin mutum ɗaya da butum-butuminsa, Saturn ado ne a kai. Shawarata ita ce ka yi gajeren fim na minti biyar, mutum biyu a ɗaki ɗaya, ka haramta wa kanka ifet ko ɗaya. Idan ya riƙe wanda bai san ka ba har ƙarshe, ka yi na biyu, a nan ka sa ifet guda ɗaya tak, a wurin da labarin ba zai tafi ba sai da shi. Ka kuma nemi bin wani darakta lokeshan, ko da riƙe masa takarda ne, domin ka ga yadda ake magana da 'yan wasa.

Kada kuma ka saki ifet ɗin, shi ne abincinka kuma shi ne ƙarfinka a kan sauran. Sai dai ka kiyaye kanka wajen ciniki. Kafin ka taɓa aiki a rubuta adadin shot, da sau nawa za a dawo maka da gyara, da yadda za a rubuta sunanka. Gyara marar iyaka a kan kuɗi ƙayyadadde ya durƙusar da manya: kamfanin ifet na Rhythm & Hues ya bayyana karyewarsa a Fabrairun 2013, a watan da aikinsa na Life of Pi ya ci Oscar.

Iyakata a nan ita ce ni ɗan zamanin dijital ne, aikina na ƙananan fina-finai ne da tallace-tallace, hannuna bai taɓa loda fim mai milimita 65 ba. Abin da na gwada da kaina daga dabarun Trumbull shi ne na tanki da hayaƙi da ƙananan samfura. Haka kuma wasiƙa ɗaya ba ta isa in ce maka kai darakta ne ko a'a ba, aikinka ne zai nuna.

Ga abin da za ka fara da shi a makon nan. Ka ƙera ƙaramin gini da kwali da yumɓu, a ce kashi ɗaya cikin 16 na girman na gaske. Idan za ka rushe shi ko ka zuba masa ƙasa, ka ɗauka da firem masu yawa a daƙiƙa, sannan ka nuna shi a gudun da aka saba don ya faɗi a hankali, domin ƙaramin abu yana faɗuwa da sauri fiye da yadda ido ya saba ganin babba. Ƙa'idar ita ce ka nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 16, wato 4, ka ninka ta da firem 25 da muke aiki da shi, ka samu 100. Wayoyi da yawa suna ɗaukar firem 120 a daƙiƙa, ya wadatar. Ka sa kyamara ƙasa daidai inda idon ɗan ƙaramin mutum zai kasance, ka yi amfani da fitila ɗaya mai ƙarfi daga nesa a matsayin rana, ka kunna turaren wuta a ɗakin har iska ta ɗan yi kauri, ka bar taga a buɗe kaɗan saboda numfashinka. Ka ɗauka sau biyu, da hayaƙi da babu, ka turo mini duka biyun in gani.